Nauyin Ruwa a Kunnen Maigidana

A Gashuwa aka haife ni, a gidan masunta da ke bakin kogi. Nan kuma na yi aure, 'yan shekaru kafin babban yaƙin Turawa. Ɗan maƙwabtanmu na aura, tun muna yara na san shi. Shi ake nema idan taru ya sarƙe a saiwa can ƙasan gurbi, wurin nan mai zurfi ta wajen Katuzu. Sauran samari kan kwanta a kan babbar gora su yi ta yawo a saman ruwa suna kamun kifi, shi kuwa sai ya tuɓe riga, ya ja numfashi, ya yi ƙasa. Muna bakin gaɓa muna wanki, sai in saki abin da ke hannuna in zuba wa wurin ido har kansa ya ɓullo yana fesar da ruwa. Yayyena mata sun gane abin da ke raina tun kafin ni in gane.

Bayan aurenmu na tambaye shi abin da ake gani a can ƙasa. Ya ce ba a ganin komai, laka ce da duhu, da hannu ake lalube.

"Amma ana jin ruwa," in ji shi. "A nan sama ba ki san yana da nauyi ba. Ki yi ƙasa gaba biyu, sai ki ji kamar an sa miki yatsa a kowane kunne ana dannawa. Sai ki toshe hanci ki hura, kunnen ya buɗe, sannan ki ƙara gaba."

Na ce ni dai na yafe. Ya yi dariya, ya ce 'yar masunta guda tana tsoron kogin ubanta.

Ina da cikin 'yarmu ta fari aka zo neman sojoji, aka ce kowace unguwa ta ba da samari. A gidansu ƙanensa aka nuna, yaro marar ƙwari mai yawan tari. Maigidana ya ce shi zai tafi a madadinsa. Da ƙafa suka kama hanyar Nguru, inda jirgin ƙasa ke tsayawa. Na bi su har bayan gari, na tsaya gindin wata tsamiya ina kallo har suka shige cikin gonakin gero.

Yarinyar ta zo duniya, ta yi rarrafe, ta tashi da ƙafarta, har ta fara bi na zuwa ɗiban ruwa da 'yar ƙwaryarta, ba ta san fuskar ubanta ba. Duk wanda ya dawo daga Nguru da jakunan gishiri sai na tare shi da tambaya. Wani ya ce an gan su a Kaduna, wani ya ce an sa su a jirgin ruwa daga Ikko, ba wanda ya san inda suka nufa. Kowace shekara in ruwa ya fara janyewa nakan fito da komarsa in shanya, in ɗinke inda ɓera ya ci, in mayar. Surukata takan tsaya ta dube ni.

Maigidana ya dawo wata shekara bayan kaka, da akwatin ƙarfe da bargo da takalman soja. Ya rame, ya yi baƙi, bakinsa ya fi karkata ga Hausa fiye da Badanci, yarenmu. 'Yarsa ta gan shi ta gudu bayan rumbu. Sai da ya yi kwanaki yana lallashinta da alewa kafin ta yarda ya ɗauke ta. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne bai leƙa kogi ba. Baba, mahaifina, ya ajiye masa gora sabuwa, ya yi godiya, bai taɓa ta ba. Ya ce a soja an sa shi wajen masu gyaran mota, ya koyi liƙi da dalma, Nguru za mu koma.

Nguru a lokacin gari ne mai hayaniya. Buhunan gyaɗa jibge a tasha, fatu da kanwa da busasshen kifi ana ta lodi a tarago, raƙuma na shigowa daga arewa, kowane irin yare kana jinsa a kasuwa. Maigidana ya kafa rumfa kusa da masu sayar da kananzir. Garwar da aka juye yakan mai da ita bokiti, ko mazurari, ko fitilar aci-balbal, wani lokaci direbobi su kawo masa tankin ruwan mota ya liƙe. Ni kuma ina gida ina matsar man gyaɗa da suyar ƙuliƙuli. Muka sami ɗa namiji a nan. In jirgi ya yi kuka da hantsi na san lokacin kai masa fura ya yi. Yakan dawo da la'asar yana ƙamshin gawayi da dalma, ya zauna a kan turmin da na kife, yara su hau shi kamar bishiya. Shekarun nan su ne mafi daɗi a rayuwata, ko da yake a lokacin ban san haka ba. Zancen yaƙi kuwa bai taɓa yi ba, ni ma ban tambaya ba.

Wata rana bayan azahar ina so in wanke wata garwa in zuba mai. Ta kananzir ce, shi da kansa ya yi mata murfi mai murɗawa, ya sa fata a ciki don kada mai ya tsiyaya. Warin kananzir ya ƙi fita, sai na zuba ruwa kaɗan na ɗora ta a murhu ya tafasa, tururi na ta fita ta baki. Na sauke ta, na murɗa murfin don kada ƙasa ta shiga, na kai ta gindin randa. Jikinta duk baƙin hayaƙi, sai na ɗebo ruwan sanyi na watsa mata.

Ta fara wani irin kuka, ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshen kara. Sai kuma ɓam! Garwar ta lotse, gefunanta suka shige ciki suka kusa haɗewa, kamar wani ƙato ya damƙe ta da hannu biyu, alhali ba wanda ya taɓa ta. Na ja da baya ina salati. Maƙwabciyata Babarbariya ta leƙo ta katanga tana tambaya lafiya.

Ranar maigida bai koma rumfa ba, yana ɗaki yana hutawa. Na juya na gan shi tsaye a bakin ƙofa, ya dafe dokin ƙofar, gumi na zubo masa. Ba garwar yake kallo ba.

"Maigida, wallahi ban taɓa ta ba," na ce. "Ko aljanu ne?"

"Ba aljanu ba ne." Ya zo ya tsuguna, ya shafa ƙarfen da ya lanƙwashe. "Na san wannan kukan. Zauna."

Na zauna a kan tabarma. Ya ce a hanyarsu ta zuwa Indiya sun daɗe a cikin teku, a wani jirgi mai girma kamar unguwa guda. Su sojoji suna can ƙasan jirgin, ƙarfe ne kawai tsakaninsu da ruwa. Akwai ƙananan jiragen yaƙi da ke yi musu rakiya, domin abokan gaba suna da wani jirgi da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa, a rufe ruf, da mutane a ciki, yana laɓewa ya harbi na sama.

"Wata rana da hantsi aka busa ƙaho, aka kora mu ƙasa. Masu rakiya suka shiga jefa wasu ganguna cike da albarushi, sai sun nutse sannan su fashe. Kowace fashewa sai ta daki jikin jirginmu kamar guduma. Can sai aka yi shiru. Ni na jingina da ƙarfen, kunnena a jikinsa. Sai na ji wani abu daga ƙasa, can nesa, yana nishi, yana ƙas, ƙas, irin na garwar nan amma mai kauri. Ya daɗe yana yi. Sannan ƙara ɗaya. Shi ke nan. A sama aka ɓarke da shewa, wai mai ya taso a kan ruwa, alamar an samu jirgin abokan gaba."

Ya ce kwana da kwanaki abin na damunsa, har ya sami wani tsoho mai kula da injin jirgin, mutumin bakin teku daga kudu, wanda ya taɓa zama a Kano yana jin Hausa. Shi ya warware masa abin da ya ji.

"Garwarki iska ce ta danne ta," in ji maigida.

"Iska? Iskar da ko ganye ba ta kaɗawa yau?"

"Ita. Tana da nauyi, a tsaye take a kanmu tun daga sama. Ba ma ji ne don a cikinmu ma akwai ta, ta ciki na tokare ta waje. Da kika tafasa ruwa, tururi ya kori iskar da ke cikin garwa. Kika rufe, kika sanyaya, tururin ya koma ɗigon ruwa. Ciki ya zama ba abin da zai tokare. Sai ta waje ta yi aikinta."

Na dubi garwar, na dubi sararin sama, wanda ba komai a cikinsa sai shirwa ɗaya tana shawagi.

"To wannan iska ce kawai," ya ce. "Ke da kike ɗaukar tulu kin san ruwa. Tsohon ya ce duk gaba biyar ko shida da mutum ya yi ƙasa, an ƙara masa wani nauyin irin wanda ya yi wa garwar nan haka. Teku kuwa akwai inda zurfinsa ya kai daga nan zuwa ƙauyen da ake kawo miki itace. Kuma ba daga sama kaɗai yake dannawa ba. Ta ƙasa, ta gefe, ta ko'ina, duk ƙarfi ɗaya. A cikin jirgin kuwa iska ce irin wadda muke shaƙa yanzu, don mutane su rayu. Bangon ƙarfen nan shi kaɗai ke riƙe da duk abin da ke waje."

Ya ce in kawo ƙwai. Na ɗauko ɗaya daga akurki, ya sa mini a tafin hannu, ya ce in dunƙule in matse da duk ƙarfina. Na matse har hannuna na rawa, bai fashe ba. Ya karɓa ya ƙwanƙwasa shi kaɗan da bayan wuƙa, ya yi 'yar tsaga da ƙyar ake gani, ya mayar mini. Ina dunƙulewa ya tarwatse, gwaiduwa ta bi mini hannu har gwiwar hannu.

"Haka suke ƙera shi, a mulmule, don nauyin ya rarrabu ko'ina daidai. Amma yana da iyakar zurfin da zai iya. Gangunan nan sun lalata shi ya kasa tasowa, sai ya yi ta yin ƙasa, nauyi na ƙaruwa. Nishin da na ji ƙarfen ne yake jurewa. Da wuri ɗaya ya lotsa, siffar ta ɓaci, sauran duka sai ya bi shi a lokaci guda. Ba fashewa yake yi waje ba, ruftawa yake ciki. Ruwa ya afka tun kafin ƙiftawar ido, ya matse iskar ciki a ɗan wuri har ta yi zafi kamar wuta. Kin taɓa bakin famfon keke bayan an gama hura taya, kin ji ɗuminsa? To irin wannan ne, amma ninkin ba ninki. Tsohon ya ce kafin jiki ya san ciwo, an gama."

Na ce kifin da ke can ƙasa fa, me ya hana shi lotsewa? Ya ce kifi ruwa ne ciki ruwa ne waje, abin da ke da iska a cikinsa shi ruwa ke nema. Na ce ai na sha fiɗar kifi, akwai 'yar salkar iska a cikinsa. Ya ɗan yi murmushi, ya ce shi ma haka ya faɗa wa tsohon, tsohon ya ce na can ƙasa sosai ba su da ita.

"To ai sun huta," na ce. "Ba su sha wuya ba."

"Ƙarshen ba wuya. Saukar fa? Suna ciki, suna jin ƙarfe na kuka, kuma sun fi ni sanin abin da kukan ke nufi."

"Kashe ku fa suka zo yi."

"Haka ne. Da sun same mu, da ba ki sake ganina ba. Ban ce an zalunce su ba. Amma ni mai nutso ne. Na san yadda mutum ke son sama in yana ƙasa." Ya miƙe ya ɗauki garwar. "Tun ranar, in na tuna gurbin nan namu sai ƙirjina ya toshe."

Na ɗebo ruwa na wanke hannuna, na kawo masa kunun tsamiya. Bai sake tayar da zancen ba.

Bayan 'yan shekaru Baba ya yi rashin lafiya, muka je Gashuwa duba shi. Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya batse har cikin gonakin shinkafa. Muka tarar ya sami sauƙi, har yana fita ƙofar gida. Maigida kuwa ya kwaso mura a hanya, hancinsa a toshe, yana magana kamar daga cikin tulu. Muna shirin komawa, da safe, sai muka ji kururuwa daga bakin ruwa. Ƙanena, wanda na goya yana yaro, shi ne ya gaji sana'ar gidanmu. Tarunsa ya sarƙe a gurbi, ya nutsa ya kwance shi, bai taso ba.

Kafin mu isa gaɓa ta cika da mutane. Samari sun yi ta shiga suna fitowa hannu wofi, ruwan ya fi kullum zurfi, ba mai kai wa ƙasa. Lokacin ceton rai ya riga ya wuce, kowa ya sani, gawar ake nema. Aka riƙo Baba aka zaunar da shi a kan wani kwalekwale da aka kife. Bai yi kuka ba, bai roƙi kowa ba. Ya ce dai a hankali, "A ce ko sutura ba zan yi masa ba."

Na ga maigida yana cire hula. Na matsa kusa da shi, ban damu da idon mutane ba.

"Maigida, kana da mura. Kunnen ba zai buɗe ba."

"Na sani."

Ya miƙa mini rigarsa. Aka kai shi tsakiya a kwalekwale, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya kama wuƙa da haƙora, ya shige. Ya taso ba komai, ya huta yana riƙe da gefen jirgin, yana girgiza kai. Ya sake komawa. Wannan karon ya daɗe har masu riƙe da igiya suka fara duban juna. Na cusa fuskata a cikin rigar. Sai na ji mutane sun ɗauki salati. Ya ɓullo riƙe da ƙanena ta hammata, guntun taru na naɗe a ƙafarsa. Da aka jawo maigida gaɓa ya kasa tsayuwa, ƙasa na juya masa, jini na bin wuyansa daga kunnen hagu.

Aka yi wa ƙanena sutura kafin azahar. Baba da kansa ya tsaya a sahun gaba.

Maigida ya yi kwanaki a kwance a ɗakin mahaifiyarsa, in ya ɗaga kai sai amai. Ina zaune kusa da shi ina yi masa fifita, na ce ya yafe mana, mun sa shi ya koma inda yake gudu.

"Ba haka ba ne," ya ce. "A cikin kwalekwale na ji tsoro. Da ruwa ya rufe kaina sai tsoron ya tafi. Sanyin nan, shirun nan, har laka na gane ta a hannuna. Ashe kewarsa nake yi duk shekarun nan ban sani ba."

Kunnen ya warke amma bai sake ji da shi ba. Ma'aikacin asibiti a Nguru ya haska ya ce fatar ciki ta huje, kada ya yarda ruwa ya ƙara shiga. Ko wanka zai yi sai ya toshe shi da auduga. Daga nan ya ɗauki wata al'ada, ranar Juma'a bayan an sauko sai ya tafi bakin tafki ya zauna yana kallon masunta har rana ta yi sanyi. Wani lokaci yakan tafi da ɗanmu, ya koya masa iyo daga gaɓa, yana tsaye ruwa iya gwiwa yana ba shi umarni da hannu. In sun dawo na tambaye shi ya bakin ruwa, sai ya ce ruwa na nan.

Ni kuma na koyi zagayowa ta damansa kafin in yi magana. In na kawo abinci ta dama nake ajiyewa, in muna hira a tsakar gida ta dama nake shimfiɗa tabarmata. Yara ma suka saba. Yakan karkato kai ya kawo mini kunnen mai ji, kamar duk abin da zan faɗa sirri ne, ko da cewa zan yi gishiri ya ƙare.

Sanƙarau ne ya ɗauke shi, wata bazara, kafin Turawa su bar ƙasar nan. Ciwon bai yi masa jinkiri ba. Ya tafi rumfa da safe yana ƙorafin ciwon kai, aka dawo da shi a amalanke, bai ƙara gane kowa ba. Kayan aikinsa ƙanensa ya ɗauka, wancan mai tarin, wanda ya rayu har ya ga jikoki.

Na koma Gashuwa da yara. Bayan takaba da wasu shekaru na sake aure, wani manomin barkono, mutumin kirki, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya riƙe 'ya'yana kamar nasa. Mun zauna lafiya har shi ma ya rasu. Wata rana, ba mu daɗe da aure ba, yana zaune a zaure na kawo masa ruwa, na bi ta bayansa na zagayo na tsuguna. Ya karɓi moɗar ya dube ni.

"Wai ni kam, me ya sa kullum sai kin zagayo ta nan? Kunnuwana duka biyun fa ina ji da su."

Na ce ban lura ba. Na jira ya gama sha, na karɓi moɗar na koma ciki.